Sawun Farce a Bakin Bahon Kuramoto

Fumiye Okabe ba ta shara, ba ta wanke-wanke. Bahon wanka na katako kaɗai take wankewa, kuma in ka kira ta 'yar aiki, ranar za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan sana'a a kwarin Kiso. Mijinta ne ke sassaƙa bahunan da icen hinoki, da ya gaji da ganin mutane suna kashe masa aiki da sabulun kanti, sai ya ce ta riƙa bin su gida-gida. Shi ya rasu, ita ta ci gaba. A da gida goma sha bakwai take zagawa a kan kekenta. Yanzu saura huɗu. Sauran duk sun koma bahon roba, wanda ko makaho ya watsa masa ruwa ya gama.

Kayan aikinta ba su cika jaka ba: tsummoki masu laushi, soso, da wani tsohon dutsen guga. Hinoki ice ne mai taushi, ko zobe ya buge shi sai ya bar shaida. In wuri ya lotsa, sai ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ta ɗora dutsen guga, tururi ya shiga icen ya kumburo, wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Talata da Juma'a ne ranakun gidan Kuramoto, makullin gidan ma yana hannunta. Tsoho ne ɗan shekara tamanin da huɗu, ya yi aikin gandun daji har ƙarfinsa ya ƙare, shekara shida yana zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Taurin kai kuwa, sai dai a bar shi. Bai taɓa zubar da ruwan baho da kansa ba. Ya cuɗa jikinsa a waje, ya shiga ya jiƙu, ya fito ya rufe da murfi, gobe ya sake ɗumama shi, abin da ya rage a yi wanki. Fumiye ce mai zare matoshin bahon ta zubar da ruwan.

Ran wata Juma'a cikin Disamba, da ƙarfe biyu da rabi na rana, ta tura ƙofar banɗakin ta tsaya cak. Murfin yana yashe a ƙasa. Bahon wayam, har gindinsa ya fara bushewa. Matoshin yana can kusurwa, sarƙarsa a tsinke.

Duk hunturu sai ofishin gari ya raba takarda gida-gida: in jiri ya ɗebe ka cikin ruwan zafi, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa, fizge matoshi tukuna, ruwan ya tsiyaye kada ka nutse. Ta durƙusa ta shafa bakin bahon da tafin hannu. Ga su nan ta ɓangaren ƙofa, layi huɗu a jere, sannan wasu huɗun ƙasa kaɗan, inda farce ya kama ya zame.

"Sarƙar ce ta tsufa," in ji Kuramoto daga bayanta. Yana tsaye riƙe da kofin shayi, ya naɗe wuyansa da mayafi har haɓa.

"Bara na sa ta, Kuramoto-san," ta ce, ba ta manta da "san" ɗin girmamawa ba.

"To, kayan zamani ne, ba ƙarko."

"Wannan fa? Kyanwa kuka samu ba ku gaya mini ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin a kan injin wanki.

"Minti nawa kuka yi a ciki?"

"Oho. Na dai farka ina jin sanyi, ba ruwa." Ya duba agogon hannunsa. "Yasuko na cikin jirgin ƙasan da zai iso ƙarfe uku."

Fumiye ta san zancen, duk unguwar ma ta sani. Yasuko ita ce 'yarsa tilo, tana aure a birnin Nagoya. Tun bazara ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Suka rabu a kan magana ɗaya: in ya sake faɗuwa ko sau ɗaya, ba sauran gardama. Kuma a cikin wannan baho aka yi wa Yasuko wankan jarirai, kallo ɗaya za ta yi masa ta karanta komai.

"Kina da dutsen gugarki," in ji shi. "Aikin minti goma ne."

"Ku rage zafin ruwan mana. Digiri arba'in da uku a shekarunku, ana dafa ƙwai ne?"

"Zan rage."

"Haka kuka ce bara."

"Fumiye-san." Ya sunkuyar da kai, mutumin da ko ga likita ba ya sunkuyawa. "Can ɗin sau biyu a mako suke wa mutum wanka, a kan kujera, da rana tsaka, wata yarinya tana riƙe da hammatarka. A wannan gidan matata ta mutu. Ki taimake ni."

Tausayi ya kama ta, ba ƙarya. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin tausayin da ya ba ta kunya: in ya tafi, saura mata gida uku, kuma wannan bahon shi ne mafi kyau cikin duk waɗanda mijinta ya yi. Ta jona dutsen gugar.

Layi huɗun farko suka tashi lafiya lau. Ta jiƙa tsumma, ta danna, tururi ya taso da ƙamshin icen, ta ɗaga, wurin sumul. Shi kuwa yana tsaye yana duba agogon hannunsa. Uku saura kwata. Ta zagaya ta ɓangaren bango don ta sami wurin durƙuso mai kyau, ta dafa ƙarƙashin leɓen bahon, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta. Yatsunta suka ji kaushi.

Ta kwantar da kai ta leƙa. Tabon ƙuna ne, baƙi, mai siffar hancin dutsen guga. Gaba kaɗan ga wani. Wanda ya yi aikin bai jiƙa tsumman sosai ba, kuma ya daɗe yana dannawa. Ita dai a shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa ƙona ice ba.

Ta zare wayar daga bango.

"Sau nawa?"

Ya kalli taga.

"Kuramoto-san, sau nawa?"

"Biyu."

"Da na jiya?"

"Ban da na jiya."

Ashe duk tsayuwar da yake yi a bakin ƙofa yana kallonta tana aiki, yana zolayarta wai ta fi likita son ice, darasi yake ɗauka. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta kalli layi huɗun da suka rage, ta kalli dutsen gugar da ke hucewa a hannunta. Ita ce fa mai tura wannan ƙofa duk Talata da Juma'a. Ran da hannunsa bai kai ga sarƙar ba, ita za ta tarar.

"Ƙarasa mana," ya ce ƙasa-ƙasa. "Saura kaɗan."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma tashi ba. Tana nan durƙushe har suka ji tasi ta tsaya a waje, aka rufe ƙofar mota, aka turo ƙofar gida.

"Baba, na iso! Kai, sanyin garin nan." Takun silifas ya biyo baranda. Yasuko ta leƙo da ledar tsaraba a hannu, fuska a sake. "A'a, Fumiye-san, sannu da aiki. Kullum muna ɗora miki nauyi. Yaya bahon namu, yana nan lafiya?"

Kuramoto ya gyara tsayuwa yadda jikinsa zai tare bakin bahon. Bai dubi Fumiye ba. Abin da ake cewa a irin wannan wuri sananne ne, a ce lafiya ƙalau, a yi murmushi, a koma kan sanyi. Har bakinta ya buɗe da niyyar faɗar hakan.

"Yasuko-san, ajiye ledar," ta ce. "Ba ni hannunki."

Ta kama yatsun ta ɗora su a kan layi huɗun, sannan ta ja su ƙarƙashin leɓe, tabo na ɗaya, tabo na biyu. Yasuko ta ga matoshin a kusurwa, ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen daɓe da kayanta na tafiya.

Can tsohon ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A cika shi. Arba'in da uku."

Babu wadda ta yi musu. Fumiye ta wanke bahon kamar kullum, ta ɗaure sarƙar da zare, ta tara ruwa, ta gwada da gwiwar hannu. Ya shiga ya ja ƙofa tun rana ba ta faɗi ba. Matan biyu suka zauna a baranda, bayansu jingine da bango, suna sauraron motsin ruwa.

Da aka ɗan jima shiru, Fumiye ta ɗaga murya. "Kuramoto-san, yaya ruwan?"

Ba amsa. Ta sake kira, ta riga ta miƙe hannunta na kan ƙofa.

"Baba?" in ji Yasuko.

"Ina nan," ya ce, muryarsa garau. "Ki gaya wa matar nan ta ajiye mini makullin gidana a kan tebur in za ta tafi."