Kafur a Akwatin Baba

A Zongon Kotonu damina ba ta barin tufa ta huta. Ka ninke riga ka ajiye, bayan mako ka tarar ta yi furfura. Shi ya sa duk yammacin Alhamis kakata, Iya Mero, take hura gawayi a tsakar gida, ta buɗe akwatin mahaifina, ta riƙa shanya rigunansa a gefen murhu, sannan ta mayar da su tare da sababbin ƙwayoyin kafur. Mu yara mukan zagaye wutar, don a nan ake samun tatsuniya.

Baba direban babbar mota ne a hanyar Nijar. An ce an sami wasu takardu a motarsa, wasu mutane suka tafi da shi, shiru. Da aka yi babban taron ƙasa, mulki ya sauya, aka buɗe gidajen yari, mazan unguwa suka fara dawowa. Namu bai zo ba. Mahaifiyata ta zauna tsaka-tsaki, ita ba matar aure ba, ba mai takaba ba, don Iya ta rantse ba za a yi wa ɗanta sallar gawa ba sai ta ga gawar.

Wata Alhamis Iya ta kwance ƙullin kafur na cikin akwatin, ta tarar ƙwayoyin sun koma kamar gero. Ta daɗe tana kallonsu.

"Matso, mijina," ta ce da ni. "Kai da kake zuwa lakwal karatun boko, ban ga ka ƙara ko wayon akuya ba. Ga ta nan tafe, ku tare ta."

Wata tsohuwa ce, in ji Iya, da 'ya'ya uku: Dutse, Ruwa da Kafur. Mai gari ya sa aka kama su. Dutse aka ɗaure da igiya, don yana da jikin da igiya za ta kama. Aka buga, aka buga, bai sake kamanni ba. Da aka sake shi ya dawo da ɓantaren gefe, amma uwarsa ta gane shi tun daga nesa. Ruwa kuwa igiya ba ta riƙe shi, sai aka zuba shi a tulu, ya zama tulu. Aka juye shi a kwalba, ya zama kwalba. Ya dawo gida ko ɗigo bai ragu ba, sai dai ba wanda ya san ainihin siffarsa, har shi kansa.

Ba ta ambaci suna ba, amma duk mun san tela mai ɗingishi na bakin masallaci, mun kuma san maƙwabcinmu da ya dawo yana cewa "haka ne" ga kowace magana.

"Kafur fa, Iya?" in ji ƙanwata Safiya.

"Shi ɗaki aka kulle shi. Bai fashe ba, bai narke ba, ko jiƙa ƙasa bai yi ba. Kullum yana ƙanƙancewa. Ranar da aka buɗe ƙofa ba a ga kowa ba, sai ƙamshi ya cika ɗakin har lungu."

"To ina ya tafi?"

"Ko'ina, 'yar nan. Abin da ya tafi ko'ina ba a jiransa a bakin ƙofa."

Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Ta juya wajen mahaifiyata, wadda ke tsintar shinkafa a bayanmu, ta ce, "Hadiza, gobe ki kwance kitsonki. A gaya wa liman."

Washegari aka yi wa Baba salla, babu makara a gaban sahu.

Yau ni ne nake koyar da wannan darasi a aji. Nakan rubuta a allo cewa daskararre yana riƙe siffarsa, mai ruwa-ruwa yana aron ta mazubinsa, iska kuwa tana cika duk inda ta samu. Nakan ƙara da cewa akwai abin da yake tashi daga daskararre zuwa iska kai tsaye, kuma ba ya hallaka, warwatsuwa kawai yake yi. Littafi yana faɗin wannan kamar albishir. Wanda ya rubuta shi bai taɓa neman abin da zai binne ba.

Misalin da manhaja ta tanada shi ne kafur. Nakan bayyana shi da alli. Ban taɓa kawo shi aji ba.