Sa Hannun Honarabul

Har gobe ban manta da ranar da Ɗanladi tela ya tsaya a tsakiyar wurinmu na wankin mota yana rantsuwa sai na kori Malam Iro ba. Ku da kuka zo daga baya kuna jin ana cewa rim ya sami "sa hannun Honarabul", kuna ta dariya, ba ku san inda maganar ta samo asali ba. To ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki, wajen ƙarshen damina. A lokacin wurin nan na bakin Ƙofar Kabuga rumfa ɗaya ne da rijiya. Maigidana ne ya kafa shi. Da Allah ya yi masa rasuwa danginsa suka ce a sayar, na ce ba a sayarwa. Na ɗauko kujerata na dasa a gindin rumfa. Ban yi boko ba, ban iya tuƙi ba, amma ina da ido, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina zai ba ku labari.

Ga wanda bai san sana'ar ba, aikin hawa-hawa ne. Sabon zuwa ruwa yake ja. In ya kwana biyu a ba shi jikin mota. In hankalinsa ya zauna a ba shi ciki. Na ƙarshe shi ne mai ƙafa, wato mai wanke taya da rim, ƙarfen nan da taya ke zagaye da shi. Mutane suna ɗauka aikin ƙafa shi ne na ƙasa don a tsugune ake yin sa. A wurina shi ne na sama. Rim na zamani, mai ƙyalli kamar sabuwar samira, ba ya son garaje. Ba a zuba masa ruwa da zafinsa. Ba a sa masa tsumma sai an kore yashi da ruwa tukuna. Soson ƙarfe kuwa, wanda na kama da shi a wurin nan ya kama hanyar gidansu, rim ba tukunyar tuwo ba ne.

Malam Iro shi ne mai ƙafarmu. Daga ƙauye ya zo, dako ya fara yi a kasuwa kafin maigidana ya ɗauke shi. A lokacin da nake ba ku labari gemunsa ya yi fari, yana da iyali cike da gida, kuma ba shi da wata sana'a sai wannan. Ba ya magana. In ka gaishe shi ya amsa, in ka zage shi ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Shi kuwa Ɗanladi ɗan unguwarmu ne a Gwammaja, katanga ce ta raba ni da uwarsa. Ni na yi mata wankan jegonsa, ni na goya shi. Ɗinki yake yi a bakin masallaci, sai ga siyasa ta dawo, ya tsaya kansila, Allah ya ba shi. Daga ranar aka daina cewa Ɗanladi, sai Honarabul. Ya sayi mota 'yar Kwatano mai rim huɗu masu walƙiya, ya koyi tuƙi a filin makaranta cikin 'yan kwanaki, ya ce ba ya bukatar direba. Aikinsa na farko ga jama'a kwalbati ne a bakin lungunmu, don ruwa ya daina shiga gidaje. Aiki ne mai kyau, ban hana shi ba. Sai dai magini ya ɗaga bakin kwalbatin, ya matse hanya, aka kuma shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, aka rubuta sunan Honarabul a jiki da manyan baƙaƙe. An ce min sunansa ne, ni dai fentin na gani.

Tun satin da aka buɗe kwalbatin, motocin unguwa suka fara zuwa mana da ciwo iri ɗaya: rim na dama a kankare, da ɗan ruwan ɗorawa a cikin kankarar. Ni da Iro muka kalli juna.

Ran nan da hantsi sai ga Honarabul, an kwana ana ruwa, motar ta yi kaca-kaca da laka har ba a ganin ƙafafunta. Ya fito da mabiyansa, masu riƙe masa jaka da masu tayin dariya. Ya miƙa makulli ya tafi shan shayi. Da ya dawo mota ta yi fes, sai ga rim na gaba, na gefen mai zaman banza, da kankara doguwa kamar an ja ƙusa a kai.

"Wa ya taɓa min ƙafar mota?"

Iro ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne ka cuce ni! Lafiya lau na kawo ta. Soson ƙarfe ka sa mata, tsohon banza!"

Mabiya suka ɗauka. Wani ya ce hassada ce, wani ya ce 'yan adawa ne suka turo shi. Iro yana tsugune da tsumma a hannu, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Na san ya ga fentin nan kamar yadda na gan shi, amma Iro ba zai buɗe baki ya ƙaryata mai mota ba ko za a yanka shi.

Honarabul ya juyo kaina. "Gwaggo, yau sai mutumin nan ya bar wurin nan. In ba haka ba, kin san rumfar nan a bakin titi take, kuma kin san wanda ke da bakin titi yanzu."

Na ce, "Ɗanladi."

Ɗaya daga cikin mabiyan ya ce, "Hajiya, Honarabul ake cewa."

Na ce, "Da nake wanke masa kashi ba ka zo ka gaya min ba."

Da na so, a nan zan kama kunnensa in kai shi ya ga fentinsa. Amma mutum in ka kunyata shi gaban masu ci a hannunsa, ba ya dawowa kan gaskiya, kafewa yake yi, kuma kan Iro kafewar za ta ƙare. Sai na dafa gwiwa na miƙe.

"Ƙafata ta matsa min yau. Kai ni gida a motar nan taka, ban taɓa shiga ba. Maganar Iro mu yi ta a hanya. Ku kuwa ku jira shi a nan, ba gudu zai yi ba."

Ya ji daɗi, ya buɗe min gaba da kansa. Muna tafe yana ta nuna min abubuwa, wannan na sanyi ne, wannan na kiɗa. Yana tuƙi ya rungume sitiyari kamar za a ƙwace masa, ƙafarsa kuwa tana rawa kamar har yanzu keken ɗinki yake takawa. Ni dai salati nake yi a zuci. Muka shiga Gwammaja, muka zo bakin lungu, ya karya kan mota.

Ƙiiiii!

Har cikin haƙorina na ji ta. Ya taka birki. Ya kalle ni, na kalli gabana.

"Gwaggo, kin ji wani abu?"

"Na ji. Ina jin Iro ne ya biyo mu da soson ƙarfe."

Ya fita, na fita. Wannan karon rim na baya ne, kankara sabuwa fil, ruwan ɗorawa a cikinta. Na nuna masa na gaba da sandata, na ce ya tsuguna ya duba da kyau. Ya tsuguna da babbar rigarsa. Fenti ɗaya. Bakin kwalbatin kuwa duk ya zazzage, har rabin sunansa ya tafi a ƙafafun motocin mutane.

Ya ce, "Wallahi jiya da na shigo na ji ƙara, na ɗauka gwangwani na taka."

Na ce, "Laka ce ta rufa maka asiri, Iro ya wanke ta. Laifinsa ke nan."

Can sai dariya ta ƙwace masa. "Gwaggo, don Allah kada ki faɗa."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma a gaban mutane ka kira dattijo tsohon banza, a gaban mutane za ka janye. Yadda za ka tsara zancen, kai ne ɗan siyasa."

Muka koma. Ya fito ya gyara riga, ya ce ya gudanar da bincike, ya gano matsalar daga wajen magini take. Sannan ya je gaban Iro ya cire hula. "Baba Iro, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe ni." Mabiyan nan da suka ce 'yan adawa ne, su suka fara cewa ai dama Baba Iro mutumin kirki ne. Iro ya ce Allah ya yafe mu baki ɗaya, ya jawo bokitinsa.

A ranar Iro ya gyara rim biyun, Honarabul na tsaye yana kallo. Ya wanke, ya bari suka bushe. Ya rufe taya da takardar buhun siminti. Ya bi kankarar da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi yana jiƙa ta da ruwa, har yatsa ya daina jin tudu. Inda ya yi rami ya cike da fila, ƙullun nan na masu gyaran jikin mota, ya sake gogewa. Sannan fenti ruwan azurfa, sama-sama, a bari ya sha iska a ƙara. Da ya gama sai ya ɗaga kai, abin da bai saba ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, na goge maka sa hannunka." Nan sunan ya samo asali, daga bakin mutumin da ba ya magana.

Kafin sati ya zagayo aka turo magini ya sassare bakin kwalbatin. Iro kuwa a wurin nan ya ci gaba da aiki har ƙarfinsa ya ƙare.

Tun daga ranar na kafa dokar da kuke ƙorafi a kanta: ruwan farko a kan ƙafa, mai mota na tsaye. Ba ya tafiya shan shayi sai ya zagaya ya ga rim ɗinsa huɗu da idonsa. Mai mota ba ya tuna inda ya gogi kwata, wanda ya gani da tsumma a hannu shi yake tunawa. In kuma kun ga ciwon daga hannunsa ya fito, ku ja shi gefe ku nuna masa a hankali, ba a gaban matarsa ko yaransa ba.

Yanzu ku tashi. Ga mota can ta shigo, kuma tun daga nan ina hango ƙafarta ta dama.