Albasa a Jakar Makaranta

Abin ya fara zuwar mini ne a kasuwar Lolo, a hutuna na farko daga kwalejin horon malamai. Na raka Kaka sayen atamfa wajen matan da ke ƙetarowa daga Benin. Ina kallon wani shuɗin yadi, ina raya cewa kogi ne aka naɗe aka ajiye a kan tebur, sai zuciyata ta hau bugu kamar ana sussukar gero a ƙirjina. Tafin hannuna ya jiƙe. Numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Yatsuna suka yi sanyi, kamar tururuwa na yawo a cikinsu. Ba wanda ya biyo ni, ban ga komai ba, amma na tabbata mutuwa zan yi a nan, tsakanin mai atamfa da mai busasshen kifi. Har na ji takaicin wurin.

Na ce, "Kaka, zan mutu."

Ta ce, "Ki bari mu ƙare ciniki." Da ta waigo ta ga fuskata, sai ta saki yadin ta yi salati.

Ina durƙushewa kasuwa ta zama asibiti. Wata mai nono ta sheƙa mini ruwa a ka. Mai atamfa tana mini fifita tana addu'a da Dendanci. Wani dattijo ya ce a cire mini takalmi, wani ya ce a mayar. Kaka kuwa ta fizgo albasa daga tulin wata mata, ta fasa ta da sauran haƙoranta, ta kafa mini a hanci. A wajenmu duk wanda ya faɗi, albasa ake fara shaƙa masa kafin a tambayi ɗan gidan wane ne.

"Shaƙa sannu-sannu, 'yar nan! Ba ƙwace miki za a yi ba!"

Na shaƙa ina hawaye. Can abin ya janye, ya bar ni jiƙe sharkaf da ruwa da kunya.

Labari ya riga mu isa gida Bagudo. Baba ya saurara, ya ce, "In kin sake faɗuwa, makaranta ta ƙare. Ba ni aika ɗiyata Birnin Kebbi ta faɗi inda ba ta da kowa."

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta auna ni, ta saurari ƙirjina, ta ce zuciyata lafiya lau. Tsoro ne mai shigowa ba sallama, sai jiki ya ɗauka kura ce ta biyo shi. Yakan kai ƙarshe ya sauka da kansa. Ta koya mini jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali, ta ce in dawo in ya yawaita, akwai taimako.

Kaka ta ce mata, "Abin da na faɗa mata ke nan. Ke dai albasa ce ba ki da."

Sauran hutun na yi shi ina tsoron tsoron. Na daina zuwa kasuwa. A gidan biki ina zama kusa da ƙofa, yatsa a wuyana ina bin bugun jijiya.

Ranar komawa, na shiga mota a tasha, an matse ni tsakanin buhu da wata mata mai jiki. Baba na tsaye a bakin taga. Sai na ji sussukar ta fara. Gumi, sanyin yatsu. Na lalubi jakata, na ci karo da albasar da Kaka ta cusa tsakanin littattafai. Na huda ta da farce, na kai hanci, na ja a hankali, na saki a hankali.

Matar ta toshe hanci da mayafi. "'Yar nan, in miya za ki yi, ki bari mu isa!"

Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar hawaye. Baba bai yi dariya ba. Hannuna da ke rawa yake kallo. Ya ce wa direba ya dakata, ya jira har rawar ta ragu.

"Shi ne ya zo?"

"Shi ne, Baba. Yana wucewa."

Ya ce, "To, ba ki faɗi ba."

Ya juya ya tafi, na ɗauka kayana zai sa a sauke. Sai ga shi ya dawo da ƙullin albasa, ya miƙo ta taga, ya bugi jikin motar.

Matar ta ce, "Innalillahi, har Birnin Kebbi?"