Bishiyar Fadila Ta Yi Fure, Amija Ragib

Na Allah ne mu duka, kuma inda ka tafi can muka nufa. Ranar Talata, ashirin da bakwai ga Mayu, da hantsi, ina yayyafa wa furanni ruwa a rumfata a kasuwar Tepa, 'yarka Zumreta ta bugo ta ce ka cika. Ragib Balta, tsohon ma'aikacin gandun daji, shekara tamanin da ɗaya. Na ajiye buta na zauna a kan akwatin katako. Na gaji, Amija, kamar yadda muke kiran baffa a nan. Kai ne na huɗu da na raka maƙabarta daga layinmu a bana, kuma a cikinsu kai kaɗai ne ƙaryata ba ta taɓa shiga kunnenka ba.

Shekara talatin ina sayar da furanni a Mostar. Wanda ban san sunansa ba sai in raɗa masa, tunda baƙi masu yawon buɗe ido ba sa gardama. Kai kuwa duk Asabar za ka zo, ka sha gahawata, in ka ga takardar sunan da na ƙirƙira ka juya ta ta fuskanci bango. Ba ka taɓa tona min asiri gaban mai saye ba. Ban taɓa gode maka ba.

A Nuwamba maƙwabciyata Fadila za ta tafi wurin ɗanta a Sweden a yi mata aikin ido. Ta kawo min bonsai ɗin marigayi mijinta Salko, 'yar bishiyar da ba ta wuce kamu biyu ba, wadda ya shekara ashirin da shida yana datsa yana lanƙwasawa. Ita ba ta san irinta ba, bai taɓa faɗa ba. Ta ce, "Hajro, abin da ya rage min nasa ke nan." Na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna.

Ganye duk ya zube, amma tukunyar da rubutun China a jikinta. Nan na yanke hukunci: baƙuwa ce daga ƙasar zafi. Na ajiye ta gefen murhu, ruwa safe da yamma. Kafin Janairu ƙasar ta fara tsami, rassa suka soma yamushewa. Amanar mutane tana mutuwa a ɗakina. Na naɗe ta a bargo na kawo maka.

"Hajro, wa ka kashe yau?"

"Amija, suna kawai nake so, in duba a waya yadda ake kula da ita."

"Ita wayar me ta ce?"

"Sau uku na ɗauki hoto, suna uku ta ba ni."

"Ashe a rumfarka ta yi karatu."

Ka kankare ɓawon da farce, muka ga kore. Ka shinshina ƙasar ka yamutsa fuska. Ka shafa ƙarshen wani reshe, ƙaya ta soke ka, ka tsaya kana kallon yatsan.

"Fitar da ita waje. Jikin katanga, inda rana ke bugawa. Ruwa sau ɗaya a mako."

"Cikin wannan iskar? So kake Fadila ta tsine min?"

"Wannan ta san sanyi. Murhunka ne ba ta sani ba."

"To sunan fa?"

"Shekara arba'in a daji ban rubuta sunan itace ba sai na ga ganyensa na ga furensa. Ba a kanka zan fara ba."

Na koma gida ina ƙunƙuni, amma na bi. Tunda ba ni da sunan da zan dogara da shi, dole na riƙa dubanta kowace safiya, in tura yatsa cikin ƙasa, in leƙa rassa ɗaya bayan ɗaya. Rabona da kallon tsiro haka tun ina saurayi.

A Afrilu ta fid da ganye ƙanana, jajaye. Lokacin kana asibiti. Na tsinko ɗaya na kai maka a hankici. Ka murza shi, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ka ce, "Kai har yanzu tukunyar kake kallo. Jira fure."

Ba ka jira ba. Ran Juma'a, kwana biyu da rufe ka, furen ya buɗe, ja wur. Rumman ne, Amija. Rumman ɗin dajin nan da ke ko'ina a gaɓar kogin Neretva, irin wanda ke bayan gidan mahaifiyata, wanda take matsewa mu sha da sanyi. A kan dutse Salko ya tono shi, tukunyar ce kawai baƙuwa.

Da na je gaisuwa na ba Zumreta labari. Ta ce ranar da na kawo bishiyar, bayan na fita, ka shiga kicin kana tsotsar yatsa kana cewa, "Rumman ne. In na faɗa masa yau, gobe ya daina kallonta."

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba ka inuwar itatuwan da ba sa zubar da ganye. Ina miƙa ta'aziyya ga Zumreta da jikokinka, da sauran tsofaffin ma'aikatan gandun daji da suka rage. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Fadila za ta dawo a Yuli ta tarar da amanarta a raye. Jiya na rubuta wa bishiyar takardar suna na soke a gefen tukunyar. Wannan ba sai an juya ta bango ba.