Garwar Tace Geron Tururuwa

Ƙarfe huɗu na yamma, ranar Laraba, ina zaune a zaure da jikana babba da wani ɗan gwangwan da ya tsaya da kurarsa. Jikan nawa ya fito da wata tsohuwar garwa mai huda-huda, ya jefa ta kan sikeli. Ƙarar da ta yi ce ta tashe ni tsaye. Na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko. Ya ce, "Hajiya, tsatsa ce fa kawai." Shi bai san tarihinta ba, amma kai mai karatu zan gaya maka.

A shekarar farin da ta cinye shanun ƙauyenmu, can wajen Kunci, ina yarinya. Gero ya ƙare, dawa ta ƙare, muka koma dusa da tafasa. Da su ma suka yi wuya, sai mata suka shiga tonon gidan tururuwa, saboda hatsin da take tarawa a ƙarƙashin ƙasa. Inna takan dawo da ƙwarya cike, amma rabinta yashi ne da tsakuwa. Ko ta bakace har hannunta ya gaji, kunun sai ya yi ƙasa-ƙasa a haƙori. Mu manya mukan haɗiye. Autanmu, wanda bai daɗe da yaye ba, ya ƙi. Abin da aka ɗura masa kuma ya tsaya a cikinsa, cikin ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar sillen kara.

Kakanmu mai gyaran fitila da bokiti ne. Idonsa ya soma rauni, amma hannunsa bai manta ba. Ya ɗauko garwar kananzir, ya ƙona ta don warin ya fita, ya raba ta biyu. Ta sama ya huda da babbar ƙusa, domin ta tare duwatsu da itace. Ta ƙasa ya huda da tsinin wayar keke, domin yashi ya zube, gero ya tsaya. Ya rataye su a reshen darbejiya, ya kira ni.

"Amaryata, zo ki girgiza. Ko auren namu na ci ne kawai?"

Kakarmu tana bakin murhu ta ce, "Tsoho, tururuwa ta tara, kai ka zo gado. Da me ka fi ta?"

Ya ce, "Da guduma."

Yashi ya zube, muka yi murna. Amma murnar ba ta kai magariba ba. Akwai tsakuwar da girmanta ɗaya da ƙwayar gero, babu hudar da za ta raba su. Wanki ne maganinta, ruwan kuwa na sha ma sai an kwana a bakin rijiya. Auta ya kurɓi kunun, ya tofar.

Kaka ya sake huda, ya sake, har ya fasa babban yatsansa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Can wata safiya geron ya zube masa a kan marfin garwa da ke jingine, sai ya ga ƙwayar tana gangarowa don mulmulalliya ce, tsakuwa kuwa tana maƙalewa don tana da kusurwa. Ya buɗe gefen wata garwar ya miƙar, ya buga mata ƙananan kunyoyi kamar na gona, ya karkata ta a kan dutse. Na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Gero ya taru a ƙwarya, tas.

Inna ta dama. Auta ya sha ludayi guda, bai tofar ba. Ya ƙara rabi. Inna ta dubi Kaka ta ce, "Baba, ya sha." Da hantsin washegari aka kai Auta makwancinsa.

Bayan an dawo, Kaka ya zauna gaban garwar. Abin da ya faɗa ke nan: "Da ma da gangarar na fara."

Kafin sadakar uku matan unguwa sun fara layi a ƙofarmu da ƙorensu. Kaka bai hana kowa ba. Ya nemi a kawo masa tsofaffin garewani, ya yi wa wasu gidajen nasu, da yatsan nan a naɗe. 'Ya'yan da suka sha kunun garwar, wasunsu yau dattawa ne masu jikoki, ba su ma sani ba. Tun daga ranar bai sake ce mini amaryata ba.

Yanzu injin niƙa yana kowace unguwa, abin da ya yi tsatsa kuma kura ce makomarsa. Ba na faɗa da wannan. Roƙona ɗaya ne gare ka: in ka ga tsohon ƙarfe a gidanku wanda ba ka gane amfaninsa ba, kafin ka ɗora shi a sikeli, ka kai wa mafi tsufa a gidan, ka tambaye shi don wa aka yi shi.