Rumbun da Ba a Rufe Ba

Da yawa muna zaton katanga da rufi ne abin dubawa in za a sayi gida. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da na shiga gidan Baba Ɗanjuma.

Lokacin ruwan dam ɗin Bakolori bai daɗe da tashin mutane ba. An turo ni koyarwa wajen Maradun, ina neman inda zan ajiye iyalina. Gidan ya yi mini: ɗaki uku, sabon yaɓe, ga araha.

Sai idona ya faɗa kan rumbu. Sabo fil, amma babu jinka a kansa, ga damina ta kusa.

Na ce, "Baba, ba za a rufe shi ba? Ruwa zai ɓata hatsi."

Ya yi 'yar dariya. "Wane hatsi, Malam? Gonata na ƙarƙashin dam. Hannu ne ya saba, ana tsugunar da mu a nan muka gina."

"Maƙwabta fa?"

"Fita ka duba nasu."

Na bi layin har ƙarshe. Kowane rumbu bakinsa a buɗe. Ashe unguwar ce gaba ɗaya take shirin watsewa.

Na koma na ce masa na fasa. Ya ce, "Ka yi daidai, ɗana. Kai kana da zaɓi."

Kafin kaka ya kulle gidan ya tafi, bai samu mai saye ba.

Ɗalibaina, kafin ku taya gida, ku zaga unguwar da ƙafa, ku ga da me mutanenta suke rayuwa. Ku gwada, ku zo nan ku faɗa mini abin da kuka gani.