Allunan Ɗan Madugu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Kaura Namoda, mu uku: ni, da abokina da muke koyarwa makaranta ɗaya, da direban a-kori-kura da muka sha ciniki kafin ya yarda. A bayan motar mun ɗaure allunan ƙarfe huɗu, kowanne an rubuta masa "Zangon Ɗan Madugu". Sai da muka biya tasha muka tambayi lafiyar hanya, don yanzu a yankinmu ba a fita da ka.

Ga wanda bai san zancen ba, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura wani ayarin fatake ya fita neman sabuwar hanya a shekarar fari. Ruwa ya ƙare, madugu ya kwanta ciwo. Ɗansa, wanda ko kaya bai isa ɗauka ba, ya yi gaba shi kaɗai yana bin kurciyoyi har ya gano ruwa, ayari ya tsira. Mun daɗe muna fafutukar sa alama a zangunansu don ɗalibai da baƙi su riƙa bin sawu. Ni na rubuto labarin daga wani tsohon kaset na hira da wani dattijo, kuma ina ji da aikin nan ƙwarai.

Hanyar Shinkafi ramuka sun cinye ta, har direba ya ce shi yanzu ba kauce wa rami yake ba, zaɓen ƙarami yake. Muka kafa alluna biyu a hanya, na uku a bayan garin Shinkafi. A can muka ci hoce da ƙuli, muka kora da fura. Furar ta yi daɗi, sai dai kuɗin da bara ke cika ƙwarya bana ko rabi bai kai ba.

Washegari muka nufi ƙasar Zurmi, wani ƙauye gaba da Birnin Tsaba inda rijiyar da ta ceci ayarin take. Mai gari ya karɓe mu hannu biyu, amma ya ce rijiyar tana gonar wata tsohuwa, sai da izininta. Ta zo tana dogara sanda, ta ce a karanta mata abin da ke jikin allon. Na gyara murya na karanta.

"Ɗan wa?" in ji ta.

"Ɗan madugu, Inna."

"Wa yac ce maka namiji na? Ɗiyam madugu ta. Tasalla sunanta, kakata ta, hannunta nit tashi. Ba a kahwa min ƙarya bakin rijiyatta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Asalina Kaura ne, amma a Kano na girma, kuma da dattijon kaset ya ce "ɗiyam madugu", wato 'yar madugu, kunnena "ɗan madugu" ya jiyo. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na ji yana cewa "ta" a wurare da dama, na ɗauka suɓutar bakin tsufa ce, na gyara masa. Ko kusa ban kawo cewa yarinya za ta wuce gaban ayari ba.

Abokina ya ja ni gefe ya ce mu lallashe ta mu kafa, a gyara daga baya, tunda hanyar nan ba kullum take biyuwa ba. Na ce atafau. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma allon da aka zuba wa siminti ba wanda zai waiwaye shi.

Haka muka koma muna tone abin da muka kafa jiya. Wani mai shayi a Shinkafi ya ce, "Malam, har ɗan madugun ya tashi zango?" Mai fentinmu a Kaura, mutumin kudu ne da ya tsufa a garin, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya sake rubutun bai ƙara mana ko kwabo ba.

Kwana huɗu muka jira hanya ta yi kyau, muka sake fita, kuma daga rijiyar muka fara. Na karanta: "Zangon Tasalla, Ɗiyar Madugu." Tsohuwa ta ce in sake, na sake. Da ruwan rijiyar aka kwaɓa simintin, ita da kanta ta ja gugan farko.

Mun shigo Kaura da la'asar a gajiye liƙis, hannuna duk kanta. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kafin in gyara wa tsoho bakinsa, in fara gyara kunnena. Ranar Litinin na shiga aji na ce kowa ya ciro littafinsa mu soke abin da na sa su rubuta a kan ɗan madugu, na ba su labarin Tasalla. 'Yan matan layin baya ne suka fara tambaya ko da gaske ita kaɗai ta tafi. Na ce musu ita kaɗai.